Bangon da Aka Sa wa Rigar Siminti

Tun kafin ya tsage, tun kafin kowa ya ga wani aibu a jikinsa, nake tsoron bangon zauren gidanmu. Ni dama haka Allah ya yi ni, zuciyata ba ta zama wuri guda. Idan maigida ya tafi gona sai in riƙa ganin maciji a ƙarƙashin kowace ciyawa, idan yaro ya yi tari sau biyu na riga na fara salati. A gidan surukaina har suna suka sa mini, wai Uwar Fargaba, ban kuma ji haushi ba don ban ga ƙarya a ciki ba. To amma tsoron bangon nan daban yake. Sauran tsorace-tsoracena zuwa suke yi su wuce kamar hadarin kaka, shi kuwa wannan ya zauna mini a ƙahon zuciya, saboda a gindin bangon ake kwantar da 'yata ta fari kullum da rana, ni kuma ba ni da bakin da zan ce a ɗauke ta.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne kwanan baya jikokina sun zo da wani mutum mai igiyar awo, suna zagaya zauren nan suna nune-nune. Wai za a rushe shi a fitar da shaguna. Ni ba mai karatu ba ce, ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci shi nake lallaɓawa da shi. Amma na faɗa da baki har na gaji, ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshen maganar, shi ya sa na zauna nake rubutawa ko wani zai kai ƙarshenta.

Daga wajen Kuyello aka kawo ni aure Birnin Gwari, ba da daɗewa ba bayan Turawa sun miƙa mulki. A lokacin garin bai kai ko'ina ba, daji ne ya rungume shi ta kowace fuska, in ka yi shiru da hantsi kana jin birai suna faɗa a kan ɗorawa. Gidanmu yana layin da ya gangara zuwa kasuwa. Wanda bai ga layin nan a wancan zamani ba zai ce tatsuniya nake yi. Gidaje ne na jar ƙasa sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya turo ƙirji ya wuce ɗan'uwansa. Kowane zaure da dakalinsa a ƙofa, inda baƙo zai sauke kaya ya huta ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Da safe inuwa tana wannan gefe, da yamma ta koma wancan, tsofaffi su bi ta kamar kaji. Indararo kuwa, wato bututun da ke sauko da ruwan sama daga kan soro, kowanne bakinsa tsakiyar layi yake kallo, inda aka shimfiɗa duwatsu ruwa ya bi ya wuce rafi. Daga cikin gida ina jin komai: guduma a maƙera, luguden mata, kofaton jakuna, 'yan matan Fulani suna tallan nono, matan Gbagyi suna shigowa da doya da tukwane a kafaɗa suna gaishe da mutane da Hausarsu mai daɗi. Yanzu in na kasa kunne, janareta ne ke amsa wa janareta.

Kuma kada wani ya ɗauka gidajen nan da kansu suke tsayawa. Aiki ne. Kowace shekara, da zarar an fara ganin hadari yana leƙowa daga gabas, sai a sa ranar yaɓen gayya. Mu mata tun kafin nan mun tara ɓawon ɗorawa daga daji, mun jiƙa shi a manyan tukwane har ruwan ya yi ja ya yi wari. Shi ne makuba, da shi ake kwaɓa ƙasa don ruwa ya zame a jikin bango. Maza su fara daga gidan da ke saman layi, su bi gida-gida har ƙasa, ba a tsallake na kowa, na mai hali da na gwauruwa duk ɗaya. A nan ne ake gane ciwon kowane bango, domin hannu ne ke bin sa taƙi-taƙi. Inda ya yi laushi a ji, inda gara ta shiga a gani. Surukina, wanda duk layin ke kira Baba, yakan ce, "Bango ba ya tsufa, mai shi ne ke gajiya." Yana da wata maganar kuma da yake yi wa duk mai sabon gini: "Ruwanka naka ne har sai ya isa tsakiyar layi." A lokacin ban ɗauke su bakin komai ba, maganganun tsofaffi ne da ake ji ana wucewa.

Maƙwabcinmu na hannun dama direban babbar mota ne, yana bin hanyar Kaduna har zuwa Ikko, wato Legas, kowa Direba yake ce masa. Ɗan wan surukuwata ne, saboda haka taubashin mijina ne, wasa tsakaninsu ba ya ƙarewa, ni ma ban tsira ba. Mutum ne mai hannu sake da babbar murya, ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan. Shi ya fara kawo kwano layinmu. Ranar da aka sauke shi daga mota gari ya taru kamar ana suna. Kafinta ya zo daga Kaduna ya yi ta ƙwanƙwasa, kafin a ce me rufi ya tashi yana ƙyalli har ba ya kalluwa da tsakar rana. Surukuwata, Inna, ta tsaya riƙe da haɓa.

"Kai ɗan nan, a cikin faranti za ka riƙa kwana?"

"Gwaggo, ai an gama da ciyawa da ƙasa. Ke ma zan rufa miki, ki daina tara ƙwarya a tsakar ɗaki in ana ruwa."

"Rufa wa uwarka tukuna, ni ƙwaryata ba ta yi mini ƙara."

Aka yi dariya, ni ma na yi daga bayan zana. Abin da ba wanda ya duba shi ne inda ruwan kwanon zai sauka. Soro yana tara ruwansa ya miƙa wa indararo. Kwano kuwa zubar da shi yake yi gaba ɗaya ta gefe, kuma gefen nan ya faɗo daidai kan kusurwar zaurenmu. Damina ɗaya ta isa. Bangon ya zaizaye, ya rame, har tubali ya fara leƙowa. Baba ya kira Direba ya nuna masa, ba da faɗa ba.

"Haba Baba, wannan ne abin damuwa? Riga zan sa masa. Rigar da ko kogin Mariga ya zo ba zai jiƙa ta ba."

Ya kuwa cika alkawari. Da rani ya sauke buhunan siminti a ƙofarmu, kyauta. Sarkin Magina da kansa, dattijon da ya gina rabin layin nan da hannunsa, shi ya karɓi aikin yana murna zai koyi sabon abu. Aka shafe fuskar zauren da gefensa, ya fito sumul, toka-toka, ba ƙura ba tsaga. Yara suna zuwa suna shafa shi da tafin hannu. 'Yan ƙauye in sun zo cin kasuwa sai sun tsaya sun kalla. Baba ya riƙa zama a dakali yana amsa barka kamar wanda ya yi sabuwar amarya. Da ranar gayya ta zagayo, maza suka iso ƙofarmu da kwandunan ƙasa, suka dubi bangon, suka ce wannan ai ya fi ƙarfin yaɓe. Suka sha kunun da muka dama, suka wuce gida na gaba. Tun da aka kafa layin, ranar ce aka fara tsallake wani bango ba a taɓa shi da hannu ba. Ba mutum ɗaya ya yi kuskuren nan ba, dukanmu muka yi shi, muna tafi.

A shekarar na haihu. Ni ce mai sharar zaure da sassafe kafin maza su fito, saboda haka ni nake ganin bangon ta ciki, inda ba a sa masa riga ba. Da ruwa ya zauna sai na fara jin wani wari, irin na gindin randa da aka daɗe ba a ɗaga ba. Kullum in share wata jar ƙasa mai laushi kamar gari a gindin bangon, gobe in tarar da wata. Rannan na fita ƙofa kafin gari ya waye sosai, na buga simintin da gindin tsintsiya. Sai ya amsa mini kamar ƙwarya a kife. Na buga can gefe, haka. Na ɗaga kai na ga wata 'yar tsaga siririya a sama, inda siminti ya rabu da ƙasa, daidai wurin da ruwan Direba ke dukan ta. Na gaya wa maigida.

"Bangon zaure fa yana ƙara."

"Yana ƙara? Me ya ce miki?"

"Wallahi kamar ba komai a cikinsa."

"Uwar Fargaba ke nan. Jiya maciji, yau bango. Siminti ne fa, da shi gwamnati ke gina gada."

Abin da ke raina kuwa ba ya faɗuwa. 'Yan yanzu ba za su gane ba, sai na yi bayani. A zamaninmu mace ba ta nuna ta damu da ɗanta na fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai an ce miki "ɗauke shi mana" sau biyu sau uku kafin ki miƙa hannu, kina kawar da kai. Ɗan fari na kakanni ne. Wannan ita ce alkunya, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da kika fito. Ni 'yata "yarinyar nan" nake ce mata. Da na ba ta nono Inna za ta saɓe ta ta fita da ita dakali, inda take kasa daddawa da kuka, ta shimfiɗa mata ɗan buzu a jikin simintin don ya fi ko'ina sanyi. Yanzu ta yaya zan buɗe baki in ce wa uwar mijina wurin da ta zaɓa wa jikarta bai yi mini ba?

Na bi ta bayan gida. Na ce, "Inna, kamar rana tana taɓa wurin nan." Ta ce wace rana, inuwa har la'asar. Na ce ƙurar jakuna fa. Ta ce mijina a cikin ƙurar nan ya girma, ga shi ƙato. Da dabara ta ƙare sai na kama ƙawata, wata Bagwariya mai tukwane, ko da yake yanzu sun fi so a ce Gbagyi. Kirista ce, daga wani ƙauye a bakin daji take zuwa, ran kasuwa a ƙarshen dakalinmu take jera kayanta, ta shigo cikin gida ta sha ruwa. Na ja ta bayan rumbu na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ku Hausawa da kunyarku! 'Yarki ce ko ta gwamnati?"

"Ke dai ki taimake ni, ki yi wa Inna magana."

Ta fita, ina leƙe ta kafar zana. Ta ƙwanƙwasa bangon da 'yan yatsu yadda take gwada tukunya, ta ce, "Mama, in tukunyata ta yi wannan kuka ba na kawo ta kasuwa." Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Tukunya daban, bango daban. Wa ya aiko ki?" Ƙawata ta ce ba kowa. Amma Inna ta juyo ta dubi zanan da nake laɓe, na san ta gane.

Wata ranar kasuwa aka yi ruwa da safe, ya ɗauke da hantsi. Na shiga zaure ɗauko murhun da aka aro, sai na ji wani sauti a cikin bangon, siriri, kamar ana tsiyayar da gero daga buhu. Ban san lokacin da na jefar da murhun ba. Na fita ƙofar gida ba mayafi, kaina ba ɗankwali sosai, ga maza cike da dakali, ga Baba, ga Direba ya dawo daga tafiya yana ba da labarin Ikko. Na tsallake tallar Inna na sunkuci yarinyar. Kuma na kira sunanta, sunan yanka, da ƙarfi, kowa ya ji. Na ce, "'Yata ba za ta ƙara kwanciya a nan ba."

Kowa ya juyo, har maƙeri ya tsayar da guduma. Direba ne ya fara fashewa da dariya.

"La ilaha! Amaryarmu ta yi 'ya! Jama'a ku shaida, yau mun ji sunan!"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, a hankali, "A gindin bangon nan na raini mijinki. Ashe ban iya ba." Ta tattara daddawarta ta shige gida.

Bangon kuma bai faɗi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Bai faɗi ranar ba, bai faɗi washegari ba, ya tsaya sumul yana ƙyalli kamar yana yi mini gwalo. Na zama abin zance. Mata suka sa ni a waƙar daka, wai 'yar Kuyello ta sayar da kunya ta sayi tsoro. Maigida ya ce na zubar masa da mutunci a gaban ubansa. Inna ta daina ɗaukar yarinyar, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na goya 'yata ina daka da ita, ina tuƙa tuwo da ita, ina kuka a madafa ina cewa hayaƙi ne. Har na fara tambayar kaina ko dai da gaske taɓin hankali ne ke damuna.

Sai da gero ya fitar da kai, damina ta juya baya, sannan ya faɗi. Ba ruwa ake yi ba, ba iska, rana ce tas bayan azahar. Baba yana zaune a dakali yana tufkar igiya, ƙawata ta shigo cikin gida shan ruwa. Muka ji wani nishi, sannan rugugi, ƙura ta turnuƙe tsakar gida. Da muka fita, rigar simintin ta ɓalle ta kwanta a layi falle guda kamar ɓawon rogo, abin da ke bayanta kuwa ba bango ba ne, taɓo ne da gidan gara. Duk ruwan da ya shiga ta 'yar tsagar nan bai sami hanyar fita ba, ya zauna ya ci ƙasar daga ciki, mu muna waje muna yaba kyau. Tukwanen ƙawata ko ɗaya bai tsira ba. Baba yana ƙarƙashi daga gwiwa zuwa ƙasa, bai yi ihu ba, sai salati. Inda ake shimfiɗa buzun yarinyar kuwa, tulin ƙasar da ke wurin ya kai ƙuguna.

Aka ciro Baba, mai ɗori ya zo ya yi aikinsa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Kada ku zaci wani ya zo ya ce mini ashe kin yi gaskiya. Ba a yi ba. Ƙaddara aka ce, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai da yamma, ina tsugune a bakin murhu, Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta kwance goyon daga bayana da kanta, ta ce, "Miƙo mini ita, tuwonki zai kama." Shi ke nan abin da ta ce, ni kuma ya ishe ni.

Da yake Baba ba ya iya fita, a tsakar gidanmu Mai'unguwa ya tara mutanen layi, shi ya sa mu mata muka ji komai daga bayan zana. An yi zafi. Wasu suka ce a hana kwano gaba ɗaya, a koma ciyawa da soro. Direba, wanda tun ranar bai ƙara dariya ba, ya miƙe ya ce shi ya ɗauki laifinsa, a yanka masa duk abin da za a yanka, amma kwano ya riga ya zo, ko an hana shi gobe wani zai kawo, sai dai in za a tare hanyar Kaduna. Wani ya ce gidansa nasa ne, ba mai gaya masa yadda zai rufe shi. Sarkin Magina ya sunkuyar da kai ya ce shi ya fi kowa kunya, ya san ƙasa numfashi take yi, amma ya toshe mata hanci don yana son a ce ya iya aikin zamani. Baba ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya yi magana daga kan tabarma.

"Ni ban ga laifin kwano ba, ban ga laifin siminti ba. Laifinmu ne da kowa ya dubi gidansa shi kaɗai. Kai da ka ce gidanka naka ne, gaskiya ka faɗa. Cikinsa naka ne, in ka so ka shafe shi da zuma. Amma fuskarsa ta layi ce, ruwansa kuma a kan wani yake sauka. Ga ƙafata nan, ku tambaye ta."

A ranar aka yanke maganar, ba takarda ba sa hannu. Mai son kwano ya sa, amma ruwansa ya zuba a cikin gidansa ko a tsakiyar layi. Kada a ƙara sa wa bangon ƙasa rigar siminti, mai son siminti ya tayar da gininsa da bulo tun daga tushe. Kada wanda ya turo gini ya ci layi, kada a fasa dakali. Ranar gayya a taɓa kowane bango ko da ya yi kama da madubi. Babbar cikinsu kuma, duk wanda zai sauya fuskar gidansa sai ya kira maƙwabcin dama da na hagu da Sarkin Magina sun tsaya sun duba tare kafin a sa hannu. Ran kasuwa mai shela ya zagaya da ganga ya faɗa wa gari. Direba ya sa maƙeri ya yi masa doguwar indararo ta gwangwani ya juya ruwansa, ya biya ƙawata tukwanenta. Aka yi gayya aka tayar da zauren da tubali da azara daga daji, mu mata muka yi daɓen ƙasa muna waƙa, wannan karon ba da sunana a ciki ba.

Dokar nan ta riƙe layin shekaru masu yawa. Kwano ya shigo gida-gida, bulo ya shigo, lantarki ya shigo, amma layin bai ɓata fuska ba, ba kuma bangon da ya ƙara faɗa wa kowa. Na ga an tsayar da attajiri da harsashin gininsa a haƙe, an ce ya ja baya taki guda, ya yi ta huci amma ya ja. Wanda ya yi shekaru a Kudu ya dawo, daga bakin kasuwa zai gane ƙofar ubansa.

Yanzu fa? Waɗanda suka yi alkawarin duk sun kwanta dama, kuma da yake a baki aka yi shi, da su aka binne shi. Dajin da muke shiga ɗiban ɗorawa da kaɗanya ya zama na masu bindiga, ba mai zuwa saran azara, makuba kuwa jikata ta tambaye ni ko sunan miya ne. Mutanen Gwaska da sauran ƙauyuka sun gudo gari da 'ya'yansu a hannu, suna neman inda za su sa haƙarƙari. Ban ga laifinsu ba, wallahi ban gani ba, wanda aka kora daga gonarsa ba a yi masa zancen kyan layi. Amma ba su ne ke ginin ba. Masu ginin 'ya'yan layin ne, waɗanda suka ga kasuwa ta buɗe. An farfashe dakali an turo shaguna masu ƙofar ƙarfe, har in an fito da gawa sai an karkata makara kafin ta wuce. Baƙo ya shigo da kaya a ka ba inda zai zauna. Inuwa ta tafi. Hanyar ruwan da aka shimfiɗa da duwatsu an rufe ta, leda ta toshe sauran, ruwa kaɗan sai ya shigo mana ɗaki. A hannun hagunmu an tayar da bene, an zuro bututun roba daga sama, bakinsa daidai kan zaurenmu, kamar yadda na Direba ya yi. Na sa aka kira mini mai shi, yaron da na ga ranar sunansa.

"Ɗana, ruwanka yana sauka a kanmu."

"Iya, ai filina ne, da takarduna."

"Ruwan ma da takardarsa?"

Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, ya tafi. Bututun yana nan. Jikokina kuma suka ce tun da zauren yana jiƙa, gara a rushe shi kafin ya faɗa wa wani, ko kuma, in na nace, a shafe shi da siminti a huta. Siminti! Da na ji kalmar sai da na dafa bango. 'Yata, ita wannan yarinyar ta kan buzu, yanzu da furfurarta da jikokinta, tana gefe tana dariya tana cewa Uwar Fargaba ta dawo. Har yau ba na kiran sunanta, sau ɗaya na taɓa yi, kuma da ban yi ba da ba ta nan tana yi mini dariya.

Na ji an ce wasu 'yan gari suna maganar a zauna a yi ƙa'ida a kan 'yan tsofaffin zaurukan da suka rage a tsakiyar gari, da yadda za a riƙa gini kusa da su. Na kuma ji masu cewa wannan aikin marasa aikin yi ne, kwaikwayon Turawa ne, ana so a ajiye ƙasa don ɗaukar hoto alhali mutane na fama da abin da ya fi haka. To ni dai na ga ranar da aka yi irin wannan ƙa'ida a garin nan, ba Bature a wurin, ba mai hoto. Tsoho ne kwance da karyayyar ƙafa, da mutanen da suka gane gidajensu jingine suke da juna.

Ba na roƙon a dawo mini da ƙuruciyata, ta tafi tare da dajin. Roƙona ƙarami ne. In an kira zaman nan, kai mai karanta wannan, ka je, ka ce a rubuta shi wannan karon don kada a sake binne shi da tsofaffi. In kuma kai ne mai gini, kafin ka ɗora kwanonka ka fita ka tsaya a ƙofar maƙwabcinka, ka ɗaga kai, ka duba inda ruwanka zai sauka. Sannan ka duba ƙasa, ka ga wa aka kwantar a wurin.